Fankon Kaset Mai Jar Alama

Ranar Litinin da hantsi Giwa ta faɗi.

Giwa ita ce babbar kwamfutar ma'aikatar filaye. A ɗaki mai sanyi take zaune a ƙasan bene, tana riƙe da bayanan filaye da gidajen mutane kaf: wa ya mallaki ina, wa ya sayar wa wa, iyakar wane ta tsaya a ina. Faifai ɗaya ne ya ƙone a cikinta, sai aka yi rashin sa'a shi ne mai ɗauke da kundin jagora. Wanda bai san aikin ba zai ce kundi ɗaya ya ɓata, mene ne abin kuka? To, kundin nan shi ya san inda kowane bayani yake kwance a cikin Giwa, shi kuma ya san wane kaset ke riƙe da kwafin me. In babu shi, ka ɗauka sito ne cike da buhu dubu ɗari, babu alama a jikin ko ɗaya, mai siton kuma ya mutu.

Da farko babu wanda hankalinsa ya tashi. Ai saboda irin wannan rana ake kwafe kundin a kaset duk Litinin da yamma, a manna masa jar alama, washegari direba ya kai shi ma'ajiya a wancan gefen gari. Aka tura direba ya ɗauko na makon jiya. Aka sa a na'ura. Na'ura ta juya, ta juya, ta ce babu komai. Fanko ne, fari fat kamar tafin hannu.

Tsofaffin kwafin kuwa ba su da amfani, don kwana goma da suka wuce an sake wa Giwa tsari gaba ɗaya. Sun zama taswirar unguwar da aka rushe aka sake gini. Wanda ya sake tsarin, shi ne kuma ya yi kwafin da hannunsa: sabon shugaban ɗakin, wanda ma'aikata ke kira Injiniya, a gida kuma a ce Auta.

Kafin azahar magana ta hau bene uku ta sauko.

"Saye shi aka yi."

"Masu cinye filayen marayu ne suka jiƙa masa hannu."

"Wata biyar da samun kujera sai ga sabuwar mota. Ruwa ba ya tsami banza."

Mutanen da jiya suke rige-rigen gaishe shi, yau in ya biyo baranda sai kowa ya tuna yana da aiki a wayarsa.

*

Labarin ya iske Mai-Sawu a ɗakin masu gadi, yana gyaran igiyar takalmi. Shi ne shugaban masu gadin ginin. Kafin ya sa kaki, shekara ashirin ya yi yana bin sawun shanun sata a daji, har ana cewa in kaza ta taka dutse zai gaya maka ko ta yi ƙwai a ranar. Shi ne kuma yayan Auta, uwa ɗaya uba ɗaya.

Da ya ji, ya ci gaba da gyaran igiyarsa. Amma wani sanyi ya ratsa masa ƙirji, irin na wanda ya sha ruwan randa bayan doguwar tafiya. Ba zai yi wa kansa ƙarya ba, daɗi ya ji.

Ubansu bijimai biyu ya sayar ya kai Auta makaranta. Bijiman nan kuwa Mai-Sawu ne ya yi kiwonsu tun suna maruƙa. Shi aji uku aka cire shi aka ce kansa ba na boko ba ne. Ko aikin gadin nan Auta ne ya samar masa, abin da ya fi komai ci masa rai ke nan. In mutum ya cuce ka, ka san yadda za ka yi da shi. Wanda ya yi maka alheri alhali kana jin haushinsa, ina za ka kai ƙara?

Manaja ya aiko a kira shi. Ya same shi ya kwance ɗamarar wuya, yana ta zagaya tebur.

"Abu ya ɓata a ginin da kake gadi," in ji Manaja. "Manya sun ba ni zuwa jibi Laraba, ƙarfe goma sha biyu. In kundin bai fito ba, 'yan sanda za su tafi da Injiniya. Ba na son su shigo su kwashe mini rabin ma'aikata. An ce kana ganin abin da mutane ba sa gani."

"A daji ne, ranka ya daɗe. Nan ko ƙura ba ku bari ta kwanta."

"Gwada dai."

"Ka san ƙanena ne?"

"Na sani. Na kuma san ba kwa ga-maciji da juna. Babu wanda zai ce ka rufa masa asiri."

Mai-Sawu ya karɓi katin buɗe ɗakin Giwa ya fita. Wato har Manaja ya sani. Shi da yake zaton a cikinsa kawai abin yake.

*

Talata da safe ya fara da Auta. Ya same shi a ofis, idanu jajur, rigar jiya ce a jikinsa.

"Yaya, wallahi na yi kwafin."

"Ajiye rantsuwa, kowane ɓarawo yana da ita. Nuna mini da hannu yadda ka yi, kamar kana nuna wa jaki."

Auta ya jawo wani kaset daga aljihun tebur, ɗan akwati baƙi kamar tafin hannu. "Na ɗauki fanko daga kanta. Na sa a na'ura, ta kwafe kundin. Na karanta shi na tabbatar ya shiga. Na cire takardar lambar da ke jikinsa, na manna jar alama. Sai na tura wannan da babban yatsa." Ya tura wani ɗan maɓalli a gefen kaset ɗin, farin ɗigo ya bayyana. "Makulli ke nan. In ɗigon nan ya fito, na'ura ba za ta iya rubutu a kansa ba, ba za ta iya share shi ba."

"Daga nan?"

"Na sa a akwatin direba, cikin ɗakin. Nan yake kwana."

"Wa ke shiga ɗakin?"

"Ni, da tsohon nan da muke kira Baba, mai aikin safe, da Mai-Gilashi mai aikin yamma. Direba a bakin ƙofa yake tsayawa a miƙa masa."

"Motar fa?"

Auta ya ɗago kai. "Har kai, Yaya?"

"Tambaya aka ce in yi."

"Ta surukina ce. Ya tsufa, ba ya iya tuƙi. Na gaya maka ranar da na kawo ta, ka ce Allah ya sa alheri ba ka ko kalle ta ba."

Ya kalle ta mana. Ya san lambarta, ya san tayar baya ta hagu ta fi sauran cinyewa. Amma bai faɗa ba. Ya tashi.

"Yara suna tambaya ta ko lafiya," in ji Auta a hankali. "Ban san me zan ce musu ba."

"Ka ce musu boko ne ya yi rana."

Ya fita yana jin ɗanɗanon maganar a bakinsa. Ta yi masa daɗi, ta kuma bar ɗaci.

*

A bakin ɗakin Giwa akwai wata tabarma mai danƙo da ke cire ƙurar takalmi. Mai-Sawu ya tsuguna a kanta kusan rabin awa. Ya ga takalmin Auta mai faɗin baki, ya ga tsinin dunduniyar Mai-Gilashi, ya ga Baba da ke jan ƙafar dama. Duk sun shiga, duk sun fita, sau ba adadi. Tabarmar ma kullum ake ɓare mata fata, sawun makon jiya ya daɗe a juji. Ya tashi yana tsaki. Sawun da ya nuna kowa bai nuna kowa ba.

Ya nufi wurin ajiye motoci. Direba na kwance a kujerar gaba, ƙafa a kan sitiyari.

"Sarkin gadi! An ce yanzu kai ne alƙali. To ni dai ban iya karatu ba balle gogewa."

"Daga nan zuwa ma'ajiya minti arba'in ne. Ranar Talatar can awa uku ka yi. Yarana na rubuta fitar kowa."

Direba ya sauke ƙafa. "Cunkoso."

"Cunkoson da ke barin jar laka a ƙarƙashin mota? Hanyar ma'ajiya kwalta ce har ƙofa."

Direba ya sosa ƙeya, ya yi dariyar rashin gaskiya. Gini yake yi a bayan gari, in an aike shi sai ya biya ya ga magina. "Ɗaki biyu ne kacal, shekara shida ina fama. Wani kuwa wata biyar ya yi ya hau mota. Allah dai ya ba mu irin sa'ar ƙanenka."

"Akwatin fa?"

"Yana baya, a rana. In zafi ne ya cinye abin, to ni ban sani ba, kada a ɗora mini."

Mai-Sawu ya ɗauka ya kama bakin zaren. Ya hau wurin Manaja da saurinsa. Manaja ya girgiza kai. Kaset ɗin da zafi ya lalata, na'ura kan yi ta tari tana karanta rabi tana barin rabi. Wannan lafiyarsa ƙalau, sharewa aka yi masa tsaf. Akwatin kuma da hatimi ya isa ma'ajiya. Direba ɓarawon lokaci ne da man fetur, amma ba shi ba ne.

*

Mai-Gilashi ba ta ko ba shi kujera ba.

"In ka zo ka ji ko ina baƙin ciki da ƙanenka, ina yi. Rubuta. Au, na manta."

"Ina riƙewa a ka, 'yar'uwa. Ci gaba."

"Tare muka nemi kujerar nan. Takarduna sun fi nasa. Aka ce wai ni mace ce, in Giwa ta yi ciwo ranar hutu wa zai bar ni in fito? Ranar da aka ba shi kwana na yi ban ci abinci ba. Har yau in ya ce mini sannu da aiki ji nake kamar in jefe shi da kujera. Amma in share kundi? Filin uwata yana cikin Giwar nan, malam."

"Fankon da aka samu da jar alama, daga ina ya fito?"

"Daga kantar fanko mana. Ina kuma?"

"Yaya kantar take?"

Ta yi ajiyar zuciya irin ta mai koya wa daƙiƙi. Layi ɗaya ne, kaset arba'in. Wanda aikinsa ya ƙare a buɗe masa makulli a sa shi a baya. Mai buƙata ya ɗauka daga gaba. Kullum ana cin takwas, cikin kwana biyar layin ya zagayo. Ita da Baba ne masu ɗauka da mayarwa, Injiniya sai ranar Litinin.

"In mutum ya ɗauka daga tsakiya fa?"

Ta yi dariya a karo na farko. "Gwada a gaban Baba ka gani. Makona na farko na tsallake ɗaya, ya buge mini hannu da rula. Ni da digiri biyu! Wai kaset ma yana da haƙƙi, kowa ya jira layinsa."

*

Baba yana ɗan ɗakin shan shayi, ya riƙe kofi da hannu biyu. Shekara ashirin da takwas yana yi wa Giwa hidima, tun tana cika ɗaki uku. Gashinsa a ɗakin sanyin nan ya yi fari.

"Zauna, ɗana. Allah ya fitar da yaron nan. Ni na koya masa riƙe kaset, da hannun nan. Ranar da ya zo ko inda ake kunna fitila bai sani ba."

"Ga shi yanzu shi ke sa maka hannu a takardar hutu."

"Haka duniya take. Ɗa ya fi ubansa, ai abin alfahari ne."

"Ba ka nemi kujerar ba?"

"Ni? Da wace takarda? Mu namu a hannu yake, ba a bango ba." Ya kurɓi shayi. "Na dai ce masa kada ya taɓa tsarin Giwa, tsohuwa ba ta son a sake mata ɗaki. Ya ce zamani ya wuce nan. To, yaro ne. Gobe Laraba ma aka shirya manya za su sauko ya nuna musu yadda sabon tsarinsa ke maido da kundi cikin awa ɗaya. Ka ga ikon Allah, gwaji ya zama gaske."

"Kai ka miƙa wa direba akwatin?"

"Ni na miƙa, ni na sa hatimi, kamar kullum. Na leƙa na ga jar alama. Ido ba ya ganin cikin kaset." Ya ajiye kofin. "Kada ka damu. In an tafi da shi, ni zan zauna in bi kaset ɗin ɗakin nan ɗaya bayan ɗaya. Wa ya sani? Tsohon hannu yakan yi sa'a."

Mai-Sawu ya fito yana tauna maganar. Direba ya yi ƙorafi. Mai-Gilashi ta zazzage cikinta. Mutum ɗaya ne aka tsallake bayan shekara ashirin da takwas, kuma shi kaɗai ne bakinsa zuma. Mai-Sawu ya san irin wannan zumar. Ita yake shafa wa bakinsa duk ranar da dangi suka taru ana yabon Auta. Allah ya ƙara ɗaukaka, ai namu ne. Ƙurjin da ba ya fitar da ruwa, a ciki yake ruɓa.

Amma zato ba sawu ba ne.

*

Da la'asar aka kira ma'aikata taro a sama. Ya shiga ɗakin Giwa shi kaɗai. Sanyi ya kama masa gwiwa. Ya tsaya yana tunani irin na daji.

Ɓarawon shanu iri biyu ne. Mai yunwa yakan kora su kasuwa ko ya yanka, kafin ka isa sai fata. Amma akwai maƙwabcin da ke sace maka saniya don haushi. Shi ba ya yankawa. Ɓoye ta yake a kwari kusa da gida, yana zagayawa yana ba ta ruwa, yana kallon ka kana haukan nema. In ka gama zubar da mutunci, sai ya fito da ita ya ce ya tsinta, a yi ta sa masa albarka. Irin wannan saniyar ba a nemanta a nesa. Cikin wasu shanu ake sa ta.

Ya je gaban kantar fanko. Lambobin jikinsu ba su dame shi ba. Ya karkata kai yana bin gefensu da ido, kamar mai duba kunnuwan garke. Baƙi, baƙi, baƙi, duk makulli a buɗe. Ya kai na talatin da bakwai.

Farin ɗigo.

Ya zaro shi. Takardar lambar da ke jikinsa ta ɗan tashi a kusurwa, an ɓare ta daga wani wuri an sake mannawa. A ƙarƙashinta akwai ɗan ɓurɓushin ja, bai kai ƙwayar gero ba.

Ya ƙirga da yatsu. Daga waccan Talata zuwa ranar da Giwa ta faɗi, layin ya isa ya zagayo. Da an bar kaset ɗin nan ya bi layi, da tuni ya kai gaba, na'ura ta ƙi shi, an gane. Ga shi kuwa a baya. Wani ne ke mayar da shi baya kullum. Saniya tana shan ruwa.

Abin da ya kamata shi ne ya ruga sama. Ya san haka. Ta gilashin ƙofa ya hango Auta yana saukowa daga taron shi kaɗai, kafaɗa a zube, yana bin bango kamar marar lafiya. Mutumin da in ya shigo ɗaki ake miƙewa. Mai-Sawu ya tsaya yana kallonsa har ya shige ofis.

Sai ya mayar da kaset ɗin inda ya gan shi. Ya fito, ya sa wa ƙofar kwaɗonsa na gadi, ya jefa makullin a aljihu, ya tafi gida.

*

Laraba ƙarfe goma sha ɗaya ya tara su a ɗakin Giwa: Manaja, Auta, Baba, Mai-Gilashi, da Direba a bakin ƙofa yana leƙe. Kafin su zo ya riga ya shiga ya mayar da kaset mai ɗigo gaban layi, ya juya gefen makullin ciki.

"Saura awa ɗaya," in ji Manaja. "Ka samo wani abu ko ba ka samo ba?"

"Ni jahili ne, ranka ya daɗe, sai na gani da ido nake ganewa. Na'urar kaset tana aiki?"

"Tana yi. Giwa mantuwa ta yi, ba mutuwa ba."

"In an sa mata fanko, me take fara yi?"

"Ta share shi tas, sannan ta rubuta," in ji Mai-Gilashi. "Kowa ya san wannan."

"To ɗauko mini fanko ɗaya."

Ta miƙa hannu ko kallo ba ta yi ba, ta fizgo na gaba ta miƙa masa. Ya karɓa, ya juya shi a hannu yadda kowa zai ga lambar, ya mayar gaban layi.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa. Bari gwani ya nuna mana. Baba, bisimilla."

Baba ya matso yana jan ƙafa. A ɗakin da mutum ke rawar ɗari, goshinsa ya yi gumi. Ya miƙa hannu. Hannun ya je kan na farko, ya ɗan tsaya, ya wuce ya ɗauki na biyu.

"Baba, ka tsallake!" Mai-Gilashi ce ta faɗa, da ƙarfi, kafin ma ta yi tunani. "Kai da kanka?"

"Tsufa ne, 'yata. Ido."

"Ba komai," in ji Mai-Sawu. "Kowa ya jira layinsa, ko ba haka kake cewa ba?" Ya zaro na farkon. "Af, wannan a kulle yake. Wani ya manta." Ya sa babban yatsa ya tura maɓallin, farin ɗigon ya ɓace. Ya miƙa wa Mai-Gilashi. "Sa shi a share."

Ta karɓa. Taku ɗaya, taku biyu. Ta buɗe bakin na'ura.

"Kada ki sa!"

Babu wanda ya taɓa jin Baba ya ɗaga murya haka. Ya riga ya cafke mata wuyan hannu, ƙafar da yake ja ma ta manta da ciwonta.

Kowa ya juyo yana kallonsa.

"Fanko ne fa, Baba," in ji Mai-Sawu. "Me zai ɓata?"

Direba ya yi fito daga bakin ƙofa. "Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

Baba ya saki hannun. Ya nemi kujera ya zauna kamar an zare masa ƙashi. Ba Manaja ya kalla ba, Auta ya kalla.

"Gwajin yau nake jira. Manya su sauko, ka sa kaset su ga fanko, ka tsaya kana rawar baki. Sai ni in ce bari in duba, in fito da shi. Su san wa ke riƙe da ɗakin nan. Minti goma kawai nake so ka ji abin da nake ji. Ban san faifai zai ƙone ba. Da ya ƙone, aka ambaci 'yan sanda, sai na rasa ta inda zan fito da shi ban fito da kaina ba."

"Baba," in ji Auta, "da ka ce kana son kujerar…"

"In roƙe ka? Ni na nuna maka inda ake kunna fitila!"

Manaja ya dubi agogo. "Wannan maganar ta ofishina ce, ni da kai, Baba. Injiniya, karanta kaset ɗin."

Auta ya karɓa, ya nufi na'ura.

"Kulle shi tukuna!" Baba ya daka masa tsawa daga kan kujera. "Haka na koya maka?"

Auta ya tsaya cak. Ya tura maɓallin, ɗigon ya dawo. Ya sa. Na'ura ta juya, ta juya. Sai rubutu ya fara zubowa a allo, layi bayan layi, ba ya tsayawa. Mai-Gilashi ta cire gilashinta ta goge ido, ta ce wai sanyi ne. Manaja ya ɗauki waya ya fita yana cewa a gaya wa manya ba sai an turo kowa ba.

*

Mai-Sawu yana baranda yana ɗumama gwiwa a rana sai ga Auta ya fito.

"Yaya."

"Koma ka yi aikinka."

"Tana karantawa, sai nan da awa ɗaya." Ya tsaya kusa da shi. "Yaushe ka gan shi?"

Mai-Sawu zai iya cewa yau da safe. Babu mai ƙaryata shi.

"Jiya da la'asar."

Auta ya juyo. "Jiya? Ka san jiya na tara yara na yi musu sallama? Na nuna wa uwarsu inda takardun gida suke. Ka bar ni na kwana a haka?"

"Na bar ka."

"Don ka kama Baba?"

"A'a. Da jiya na tara ku, da jiya na kama shi. Daɗi nake ji. Tun ranar Litinin nake jin daɗi. Ba Baba kaɗai ke da ciwon nan ba, shi ya sa na gane sawunsa."

Auta ya kau da kai. Wani ma'aikaci ya wuce yana washe baki, "Injiniya, barka, mu dama mun san sharri ne!" Auta ko kallonsa bai yi ba.

"To me ya sa ka fito da shi?"

"Na tashi da safe na duba cikina. Daɗin ya ƙare, haushin yana nan inda yake. Na ce to, in faɗuwarka ba za ta warkar da ni ba, a kan me zan yi asarar ɗan'uwa a banza?"

Auta ya yi wata dariya da ta fi kama da tari. Ya goge fuska da hannun riga.

"Wato ba ka daina ba."

"Ban daina ba. Ban kuma ce zan daina ba."

"To ka ci gaba da jin haushina, Yaya. Amma ina tsaye."

"Haka za a yi," in ji Mai-Sawu. "Kana tsaye ma ya fi daɗin ji."